Tambaya: yadda za a haɗa jirgin ruwan Luxor zuwa Aswan da Abu Simbel ranar 22 ga Fabrairu

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawarar waɗanda suka san jiragen ruwan Nilu a Masar. Tafiyar mutum huɗu ce, biyu dattawa ne.

Jirgin alfarma daga Luxor zuwa Aswan kwana 4 ne: Karnak, ƙofar ruwa ta Esna (inda jirage ke bin layi su wuce madatsa), Edfu, Kom Ombo, sannan Philae. Inda gizo ke saƙa shi ne Abu Simbel. Tana bayan babbar madatsar Aswan, kimanin kilomita 280, jirgin kogi ba ya kaiwa can. Muna son ganin hasken rana ya shiga har ƙuryar haikalin Ramsis na Biyu da ke can, abin da ke faruwa ranar 22 ga Fabrairu, kuma da hudowar rana ake yi, don haka jirgin sama na safe ba zai riske shi ba. Mota kuwa fiye da awa 3 ce cikin dare, dattawan ba za su jure ba.

Shin a kwana a Abu Simbel ranar 21, sai a hau jirgin daga Aswan ya gangara Luxor, mai kwana 3? To idan ranar tashinsa ba ta dace ba fa? Sannan idan ana layi a Esna, wace ziyara masu jirgin suke yankewa, Edfu ko Kwarin Sarakuna (kaburburan fir'aunoni a Luxor)?