Kwale-kwale, jirgi da komi: duk abu ɗaya ne?

Mai_Tambaya:
Jama'a, salamu alaikum. Shin kwale-kwale da komi abu ɗaya ne? Ko kuwa duk jirgi ake ce musu?

Ɗan_Fito:
Wa alaikumus salam. Jirgi shi ne babban suna, shi ya sa ake ƙara masa bayani: jirgin ruwa, na ƙasa, na sama. Kwale-kwale kuwa ƙaramin na ruwa ne, siriri, ana tuƙa shi da filafili, ko a tokare ƙasa da gwangwala inda ruwa bai yi zurfi ba. Ko an ɗaura masa inji, sunansa bai sauya ba.

Masunci:
Komi, ɗan'uwa, wanda aka fafe daga gungume guda ne, ba haɗin katako. Kalmar ta fi yawo a tudu ma: komin da dabbobi ke cin abinci a ciki, da komin lambu da ake cika wa ruwa. Na gungume ba shi da mahaɗar da za ta yi yoyo, amma in ya daɗe a rana sai ya tsage. Kuma in gindinsa kewayayye ne, mutum ɗaya ya miƙe tsaye, ya kife.

Ɗan_Fito:
Haka ne, Malam. Amma a wannan karin magana jirgi kaɗai ke shiga: "jirgi ɗaya ya ɗebo su". Ba mai cewa kwale-kwale.