Soket kusa da wurin wanke-wanke: ina doka ta tsaya?

Sabon Hannu: Salamu alaikum manya. Ina wayarin wani kicin, mai gida ya nace sai na sa masa soket na butar lantarki dab da famfo, tazarar ba ta wuce tafin hannu ba. Na duba BS 7671, wato dokar wayarin lantarki ta Birtaniya, ban ga inda aka yanka tazara ba. In sa ne?

Tsohon Ma'aikaci: Wa alaikumus salam. Ba za ka gani ba, don dokar ba ta ba da lamba a kicin. Abin da ta ce shi ne kayan su dace da yanayin wurin, har da fantsamar ruwa. Tazarar milimita 300 daga wurin wanke-wanke da muke bi shawarar littattafan jagora ce. Ni dai ko an matsa mini, ba na gaza haka.

Mai Testa: Ai RCD na 30mA, wato na'urar da ke katse wuta idan ta zurare daga hanyarta, zai kare mutum, tunda wajibi ne ga soket har zuwa 32A.

Tsohon Ma'aikaci: Malam, sai wuta ta fara bi ta jikin mutum ko ƙasa kafin ya katse. Matsar da soket ɗin kawai.

Sabon Hannu: Na gode Baba. Gobe zan sake fasa bangon.