Ina ake samun shawarma irin ta Larabawa a Damagaram?

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka san gidajen abincin Damagaram. Masu sayar da shawarma sun yawaita a gari, amma akasarin abin da ake naɗo wa mutum nama ne da aka soya a kasko, aka haɗa da kabeji, aka malala masa mayonez da jan miyar kwalba har burodin ya jiƙe. Wadda nake nema ita ce irin ta mutanen Lubnan da Siriya, wadda ake yanko namanta daga jikin ƙarfe mai juyawa a gaban wuta. Ko akwai mai yin ta a nan, kuma da wace alama zan gane ta kafin in biya kuɗina?

Tsohon Mai Gashi:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka tambayi farashi, ka fara duba ko ƙarfen yana tsaye da nama a jikinsa, domin a nan bambancin yake. Ana yanka naman fale-fale, a jiƙa shi tun daren jiya cikin ruwan lemun tsami ko kindirmo da tafarnuwa, kirfa, kanumfari da masoro, sannan a jera shi bisa juna ana sa kitse a tsakani, ta yadda idan wuta ta kama, kitsen zai riƙa narkewa yana gangarowa yana jiƙa na ƙasa. Mai yanka ba ya taɓa ciki, gefen da ya gasu kaɗai yake shaftarewa, ya bar sauran ya ci gaba da juyawa. Wannan salon gashi a tsaye daga Turkiyya ya fito a ƙarni na 19, zamanin daular Usmaniyya, kafin ya bazu a ƙasar Sham.

Abin da ya sa yake wuya a garinmu lissafi ne kawai. Ƙarfe ɗaya yana cin nama mai yawa, kuma dole a sayar da shi a daren, domin naman da ya sha zafi bai gasu ba, ga zafin garinmu, ba ya kwana lafiya. Wanda ba shi da tabbacin masu saye sai ya koma kasko, kuma ban ga laifinsa ba. Saboda haka ka nemi wurin da jama'a ke cika bayan sallar isha'i, musamman a ƙarshen mako, kada ka je da rana tsaka.

Hajiya ta Birni:
Malam ya yi bayanin nama, ni kuma zan ƙara da abin da ake zubawa a kai, wanda a ganina shi ne ya fi tona asirin mai sayarwa. A wurin mutanen Sham, ta kaza tana tafiya da farin haɗin tafarnuwa da ake bugawa da mai, gishiri da lemun tsami, ba ƙwai a cikinsa, tare da kokwamba mai tsami da soyayyen dankalin turawa. Ta naman sa ko rago kuwa niƙaƙƙen riɗi ake sa mata, da albasa da tumatir. Abin mamaki shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a rasa a kasuwar Dole: riɗi manomanmu ne ke noma shi, tafarnuwa tana zuwa daga Agadas, albasar Galmi kuwa ta yi suna har ƙasashen waje. Ɗana, ka tambayi mai shago ko yana da haɗin tafarnuwa ko na riɗi. Idan ya nuna maka kwalbar mayonez, ka san inda ka tsaya. Burodin ma ya kamata ya zama siriri, a ɗan gasa shi bayan an naɗe.

Ɗalibin Alƙahira:
Da izininki, Hajiya, ina ganin ya kamata mai tambaya ya sani cewa Larabawan ma ba hannu ɗaya suke yi ba. A Masar ana yawan zuba naman cikin ƙaramin burodi zagayayye, a Libiya kuma, inda mutanenmu da yawa suka yi aiki, ana sa mata jan barkono mai yaji. Idan ka samu wanda ya koyo sana'ar a can, tasa ma ta Larabawa ce, ko da ba ta yi kama da ta Bairut ba. Wanda ya nace sai ta Lubnan, zai fi samunta a Yamai ko a Kano, inda Kwarori suka daɗe da zama, kuma Kano kusan kilomita 240 ce daga nan.

Ɗan Zango:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Hajiya, idan mai shagon yana da ƙarfen amma ba shi da haɗin riɗin, ko za ki rubuto mana yadda ake yin sa a gida, da irin riɗin da ya kamata a saya, fari ko ja?