Muzuruna ya sake shiga wahalar fitsari, karo na uku ke nan

Hadiza, Birni: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina da muzuru ɗan shekara uku, Ɗan Baƙi muke ce mishi. Tun shigowar bazara yake fama da fitsari, yau karo na uku cikin wata huɗu. Sai ya je kan yashin da ke bayan madafa ya tsugunna, ya yi ta nishi, ɗigo biyu uku su fito ja-ja kamar an tsinka zobo da ruwa. Ya tashi ya lashe gabanshi, ya koma. Jiya har cikin bahon wanka ya yi, abin da bai taɓa ba. Karo biyun farko na sayi kafso wurin wani mai magani a kasuwa, ina buɗewa ina zuba mishi a madara, kwana biyar ya warware. Cimarshi busasshen abincin mussa ne da yayana ke kawo mini daga Kano, sai kan kifi. In ƙara sayen kafson ne, ko yaya?

Malam Sani, Garin Malam: Wa alaikumus salam. Hajiya, jiƙa mishi 'yar kanwa a ruwa. Mu haka muke wa tumaki, tana wanke ciki.

Inna Mariya: Ɗiyata, ki ɓalla rubu'in parasitamol ki ba shi ko ya samu sauƙin ciwon, baiwar Allah.

Isuhu, ma'aikacin lafiyar dabbobi: Inna, a yi mini afuwa, kada a ba shi ko ɓarɓashi. Hantar mussa ba ta iya sarrafa parasitamol, ƙwaya guda na iya kashe ta. Ibuprofen ma haka. Malam Sani, kanwa kuma ƙara wutar take: wata tsakuwa da ke yawan taruwa a mafitsarar mussa, wadda ake kira sitirubait, tana haɗuwa ne in fitsari ya rasa tsami, kanwa kuwa kashe tsami ne aikinta. Hajiya Hadiza, kafin komai ki amsa mini: yanzu haka fitsarin na fita, ko nishin banza yake? Yana cin abinci? Ya yi amai?

Hadiza, Birni: Yana fita kaɗan-kaɗan, yashin na jiƙewa kamar faɗin kwabo. Ya ci da safe, babu amai.

Isuhu: To alhamdulillahi, hanya ba ta toshe ba tukuna. Amma ki riƙe wannan: bututun fitsarin muzuru siriri ne ƙwarai, ba kamar na mace ba, majina da 'yar tsakuwa kaɗan sun isa su toshe shi. In kika ga ya wuni yana yunƙuri yashi a bushe, ko ya soma amai, ko ya lafe wuri guda, marar ta yi tauri kamar lemo, ki ɗauke shi a lokacin, ko da dare ne. In ya toshe, ƙoda kan tsaya, gishirin fotasiyom ya taru a jini ya taɓa zuciya, kwana biyu zuwa uku ya tafi. Kada ki matsa mishi mara da hannu, mafitsara na iya fashewa. Sai an sa mishi barci an zura siririn bututu an buɗe hanyar.

Batun kafso kuwa, ina kyautata zaton ba shi ya warkar da shi ba. A mussa mai ƙasa da shekara 10 ba kasafai ƙwayar cuta ke jawo wannan ba. Mafi yawa kumburin mafitsara ne da ke tashi in hankalin dabba ya tashi, kuma yakan lafa da kanshi cikin kwana 5 zuwa 7, da magani ko babu. Shi ya sa kika ga kamar ya yi aiki. Ki kai shi a duba fitsarin a ga ko akwai tsakuwa, a ba shi maganin ciwo irin nasu. Sannan ki tuna, me ya canja a gidan kafin kowane tashi?

Abdu kabu-kabu: Mutane na bin 'yan garuwa da bido suna neman na sha, ku kuna zancen fitsarin mussa. Allah ya kyauta.

Hajiya Rabi, Sabon Gari: Abdu, ai ka san hadisin matar da ta kulle mussa ba ci ba sha. Bar mu.

Ƙanwata Hadiza, ni na rasa nawa da wannan ciwon shekara biyu da suka wuce, don na ce bari gari ya waye. Na biyun da nake da shi yanzu ruwa ne ya riƙe mini shi. Mussa asalinta dabbar daji mai ƙarancin ruwa ce, ba ta jin ƙishi da wuri, daga abinci take samun rabonta. Busasshen abincin nan ruwan cikinshi bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, nama ko kifi dafaffe kuwa ya haura kashi 60. Likita ya ce mini mussa mai kilo 4 tana buƙatar wajen mililita 200 a rana, wato kamar kofin shayi babba, har da na cikin abinci. Ni jiƙa abincin nake da ruwan ɗumi har ya kumbura, in dafa kaza ko kifi ɗanye in tsiyaye romon daban kafin in sa gishiri, magi da albasa. Albasa da tafarnuwa guba ne gare su, suna lalata jini. Kan busasshen kifin nan ki rage, ƙashi da gishiri sun yi yawa. Madara ma ki bari, zawo take sa yawancinsu.

Wani abin dariya, nawa ba ya shan ruwan roba ko kaɗan. Sai na gane gindin randa yake zuwa yana lasar raɓar da ke tsattsafowa. Na sayo kasko biyu na ƙasa masu faɗin baki, ɗaya ƙarƙashin dalbejiya, ɗaya a ɗaki, nesa da abincinshi da wurin kashinshi. Cikin zafin Afrilu ruwan kwanon ƙarfe kan zama na wanka kafin azahar, wa zai sha?

Hadiza, Birni: Wallahi Yaya Rabi kamar kina gidan, kwanon nashi na silba ne kuma a rana yake. Malam Isuhu, na zauna na lissafa. Na farko lokacin bikin ƙanwata ne, gida ya cika kwana huɗu. Na biyu magina suna gyaran katanga. Yanzu kuma wani jan muzuru na maƙwabta ke haurowa da dare yana tono a yashinshi.

Isuhu: To kin gani. Ki zuba mishi wani yashin a tsohon baho cikin ɗaki inda baƙon ba ya isa, ki riƙa kwashe ƙazantar kullum. A baho ma za ki fi ganin yawan abin da yake yi. Ki bar mishi wani wuri mai tudu, ko saman kabad, da zai ɓuya in gida ya cika. Akwai abincin da aka haɗa don narkar da sitirubait, irin Royal Canin Urinary, yayanki ya tambaya a Kano, amma sai an duba fitsari tukuna, don akwai wata tsakuwar ta okzalet da abinci ba ya narkarwa.

Hadiza, Birni: Na dawo. An duba, an ce akwai 'yar tsakuwa kamar gari amma bai toshe ba, an yi mishi allurar ciwo. Kasko biyu na saya, ya ƙi na ɗaki, ya sha na tsakar gida sau uku ina kallo. Abincin da na jiƙa kuwa ya shinshina ya juya mini baya. Yaya Rabi, naki kwana nawa ya yi kafin ya yarda?

Hajiya Rabi: Kusan sati biyu. Ki fara da cokali ɗaya na ruwa, gobe biyu. Amma kada ki bar shi da yunwa don ya saduda, in ya wuni bai ci ba ki ba shi busasshen.