Baba yana gane komai amma maganar ta ƙi fita, a taimaka min da shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu ne ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Da asuba ya tashi zai yi alwala buta ta suɓuce masa, Umma ta ɗauka santsi ne, sai da yayanmu ya taso daga Kurna aka kai shi asibiti, shi kuma dama ba sa jituwa da amaryar Baba to nan ma sai da aka tsaya cacar baki kan motar wa za a ɗauka. Yanzu Alhamdulillah yana takawa da sanda, ana yi masa gashi. Bakin ne matsala. Duk abin da aka faɗa yana ganewa, amma in ruwa yake so sai "wannan... wannan" yana nuni har ya fashe da kuka. Ni ma da sunan ƙanwarsa da ta rasu yake kirana. Abin mamaki Fatiha da Ƙulhuwallahu tas yake kawo su. Mun hana 'yan dubiya shiga. Ya zan yi?

Abban Sadiq: Allah ya ba shi lafiya. Mutum ya karanta Ƙur'ani amma ya kasa cewa ruwa? 'Yar uwa a haɗa da ruƙiya, akwai iska a ciki.

Maman Khalil: Malam ba iska ba ne. A yawancin mutane ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ke riƙe da harshe, shi ne kuma ke juya hannu da ƙafar dama, shi ya sa ciwon dama ke zuwa da ɗaukewar magana. Afeziya likitoci ke ce masa. Abin da aka haddace tun yarinta, surori, ƙirge, ranakun mako, sau da yawa yana tsira, lalubo kalmar da ake so a take shi ne ya lalace. Hankalinsa ƙalau. Mai gashi daban, mai koyar da magana daban, ki tambaya a asibitin Malam Aminu Kano ko ki sa likitansa ya tura ku. Wata nawa yanzu? Yana shan maganin hawan jininsa? Yana ƙwarewa in ya sha ruwa?

Ummu Hanan: Hmm ni haka na yi jinyar surukata ni kaɗai, 'ya'yanta mata sai hoto a Facebook ana Allah ya ba Hajiya lafiya, ko kuɗin Napep ba mai turowa, da ta rasu kuma su ne gaba wajen rabon zannuwa.

Mai tambaya: Wata 4 kenan Anti. Baƙin kuwa dole muka hana, mutumin da ya yi shekaru yana limanci a unguwa a zo ana yi masa magana da ƙarfi kamar kurma ana kallonsa da tausayi, ba zan iya gani ba wallahi.

Maman Khalil: Watanni 3 zuwa 6 na farko aka fi samun saurin dawowa, duk da ana ci gaba ko bayan shekara, kada ki ɓata su a ɗaki shiru. Ki zaɓi aminansa biyu su dinga zuwa ɗaya bayan ɗaya. A kashe talabijin. Gajeriyar jimla, tambayar da amsarta eh ko a'a ce. Ki ɗauki hoton kofinsa, butarsa, carbinsa, jikokinsa a waya, kullum ku zauna na ɗan lokaci ya gwada sunayen. In ya maƙale ki ba shi farkon kalmar, "ru...", ki jira, kar ki ƙarasa masa. Ki gwada rera masa kalmar ma, wasu da waƙa ta fi fitar musu. Kukan nan kuma ki gaya wa likita, ciwon damuwa na yawan biyo bayan wannan ciwo.

Abban Sadiq: Ni dai ban ce a bar asibiti ba, amma addu'a ba ta da madadi.

Hajiya Babba: Ku bar dattijo ya huta 'yan nan, wannan nuna masa hoto kamar ɗan firamare ai ƙara masa takaici ne.

Mai tambaya: Shi nake gudu Hajiya. Kuma Anti in ban ƙarasa masa ba ransa ɓaci yake ya juya baya, ke ba ki ga idonsa ba lokacin. Maganar asibiti kuma sai yaya ya yarda, katin yana hannunsa.

Maman Khalil: Har yanzu ba ki ba ni amsar maganin hawan jinin ba.