Allurar rigakafin infuluwenza kafin hunturu: ta dace da tsofaffinmu a Kaduna?

Maman Khalil, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu ilimin lafiya a cikinmu. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, tana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma duk shekara da zarar hazo ya sauko sai mura ta kwantar da ita, har tarin ya sauka mata a ƙirji ya hana ta barci. Yayanmu da ke aiki a Ingila ya nace a kai ta a yi mata allurar rigakafin infuluwenza kafin sanyi ya kankama, ya ce a can kyauta ake yi wa duk wanda ya kai shekara 65. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sanyinsu ba irin namu ba ne, kuma ban taɓa jin ana shelar wannan allura a nan ba kamar yadda ake yi wa ta shan-inna ko ta ƙyanda. An taɓa yi mata ita shekarar da za ta tafi Umra, shin waccan ba ta wadatar ba? Sannan gaskiya ne allurar da kanta tana jawo mura?

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa

Wa alaikumus salam, Maman Khalil. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Yayanku yana da gaskiya, domin Hajiya ta shiga rukuni biyu daga cikin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi ba wa muhimmanci: tsofaffi da masu ciwon da ya zauna a jiki, irin su suga, asma da ciwon zuciya. Sauran su ne masu juna biyu, yara ƙanana daga wata 6 zuwa shekara 5, da mu ma'aikatan lafiya.

Infuluwenza ta bambanta da murar da kowa ya saba da ita. Waccan takan fara a hankali da atishawa da majina, mutum yana harkokinsa. Ita kuwa wannan farat ɗaya take kayar da mutum, da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, busasshen tari da kasalar da ko tashi alwala sai an kama shi. Matashi mai lafiya yakan warware cikin mako guda. Tsoho mai ciwon suga kuwa, da ya daina cin abinci sai sugansa ya rikice, kuma cutar tana iya buɗe wa ciwon huhu ƙofa, wanda shi ne yake kai su gadon asibiti. Hukumar ta ƙiyasta cewa mutum 290,000 zuwa 650,000 ke rasuwa duk shekara a duniya sakamakon matsalar numfashi da wannan cuta ke haddasawa.

Allurar da aka yi mata lokacin Umra ba za ta wadatar ba. Ƙwayar cutar tana sauya kamanni a kai a kai, shi ya sa masana ke zama sau biyu a shekara, a watan Fabrairu da watan Satumba, su zaɓi nau'o'in da za a haɗa sabuwar allura da su. Baya ga haka, kariyar da jiki ya samu tana raguwa bayan wasu watanni. Don haka duk shekara ake sabunta ta, kuma jiki na buƙatar kimanin mako biyu kafin garkuwarsa ta ginu. Idan da hali, a yi mata cikin Oktoba ko farkon Nuwamba.

Game da tambayarki ta ƙarshe, allurar da ake yi a dantse ba ta ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, saboda haka ba ta iya sa wa mutum infuluwenza. Abin da aka fi gani shi ne tsamin hannu da ɗan zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu.

Mai kiwon kaji, Rigachikun

Malama, na gode da bayaninki, amma ina da ja a kan wani ɓangare. Mu da muka tashi a nan mun san ƙurar hunturu ce ke kawo tari da toshewar hanci, kuma babu allurar da za ta tare ƙura. Idan cutar ta kai yadda kike faɗa, me ya hana gwamnati saka ta cikin rigakafin da ake yi kyauta? A wannan tsadar rayuwa, ina ganin gara a sayo wa Hajiya maganin suganta da rigar sanyi mai kauri. Kuma ina so in sani, ko wannan allura tana kare mu masu hulɗa da kaji daga murar tsuntsaye? Ban manta da 2006 ba, lokacin da aka fara gano ta a wata gona a Jaji, aka yi ta hallaka kaji muna kallon dukiyarmu na salwanta.

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa

Malam, maganarka a kan ƙura gaskiya ce, kuma wajibi ne a faɗa wa mutane ita tun kafin su biya kuɗi: wanda aka yi wa allurar zai iya yin tarin hazo, zai iya kamuwa da mura ta yau da kullum, wani ma ya kamu da infuluwenzar kanta, sai dai galibi takan zo masa da sauƙi. Amma ƙura ba ta kawo zazzaɓin da ke bin gida ɗaya bayan ɗaya. Wannan aikin ƙwayar bairas ne, wadda ke yaɗuwa ta tari da atishawa, musamman idan an rufe tagogi saboda sanyi, jikoki sun taru a ɗakin kaka.

Cutar tana nan Najeriya. Hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, tana sa ido a kanta ta hanyar gwajin samfuri daga wasu zaɓaɓɓun asibitoci, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A ƙasashe masu zafi irin tamu ana samun ta a kowane lokaci na shekara, ba sai da sanyi ba. Rashin saka allurar cikin jadawalin rigakafi na ƙasa bai nuna ba ta da amfani ba. Abu ne da sai an sabunta wa kowa duk shekara, kuma akwai cututtukan yara da aka sa a gaba. Ban yarda a bar maganin suga don a sayi allura ba, amma idan 'ya'ya za su iya haɗa duka biyun, kuɗin bai kai na kwanciyar asibiti ba. Murar tsuntsaye kuwa nau'inta daban ne, wannan allura ba don ita aka haɗa ta ba.

Mai harhaɗa magunguna, Tudun Wada

Maman Khalil, abin da zan ƙara shi ne inda za a yi allurar. Dole a adana ta a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma idan ta daskare ta lalace. Da irin wutar da muke samu, kada ki karɓa a kowane kemis. Ki fara da likitan da ke duba sugan Hajiya, shi zai tantance lafiyarta ya kuma nuna miki asibiti ko kantin magani mai rajista. Ki nemi a ciro kwalin a gabanki, ki duba lambar NAFDAC, da ranar ƙarewar wa'adi, da shekarar da aka rubuta a jiki, domin kada a ba ki ragowar bara. Idan ta taɓa samun mummunan borin jini bayan wata allura, a sanar da likita tukuna.

Abin da ya fi damuna a wurin aiki shi ne masu zuwa neman antibayotik da zarar mura ta kama su. Ba ya kashe bairas ko kaɗan. Haka kuma zazzaɓin infuluwenza yana kama da na cizon sauro, don haka a yi gwajin jini kafin a sha maganin maleriya. Akwai maganin infuluwenza mai suna oseltamivir, wanda ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48 da bayyanar alamu, kuma likita ne ke rubuta shi. Idan numfashin Hajiya ya fara sama-sama, ko ƙirjinta na ciwo, ko ta fara ruɗewa, a wuce asibiti a wannan daren, kada a jira gari ya waye.

Maman Khalil, Unguwar Rimi

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Ranar asibitinta na nan tafe cikin makon gobe, zan yi wa likitan maganar. Matar ƙanena da ke zaune tare da ita tana da ciki wata biyar, ita ma za a iya yi mata?

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa

Ƙwarai kuwa, ana yi wa mai juna biyu a kowane watan ciki, kuma kariyar na isa ga jaririn a watanninsa na farko, tunda ba a yi wa yaro allurar sai ya cika wata 6. Ta faɗa wa masu yi mata awo kafin a yi, su rubuta a katinta.