Neman kalmar Hausa: me za mu kira "quorum"?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Malamai, a taimaka. Ranar Asabar zan koyar da sababbin editocin Wikipedia ta Hausa yadda ake yanke shawara da ƙuri'a, kuma gobe da yamma takardar za ta tafi wurin bugawa. Misalin da na ɗauko shi ne zaɓen masu kula da dukkan shafukan Wikimedia, wato Wikipedia da 'yan uwanta, da ake yi duk watan Fabrairu. Sharaɗi biyu ne: ɗan takara ya sami ƙuri'ar goyon baya aƙalla 30, kuma masu goyon bayansa su kai kashi 80 cikin 100. Na biyun rinjaye ne, babu gardama. Na farkon ne ya tsayar da ni. Me za mu kira quorum, wato wannan adadin da dole sai an kai kafin hukunci ya tabbata?

Ɗan Jarida: Wa alaikumus salam. Mu a labaran majalisa "adadin da doka ta tanada" muke cewa. Sashe na 54 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisa, to in ba su kai ba sai mu ce adadi bai cika ba. Kowa yana ganewa.

Mai Fassara: Na gode, Yaya. Amma kalmar tana ta dawowa a takardar, ba zan iya jan wannan dogon zance kowane layi ba.

Bakatsine: Cikar zaure! Tun bara nake kawo wannan. Kafin Turawa su zo da majalisarsu, a zaure dattawa ke yanke magana, kuma ba a farawa sai zaure ya cika. Hausa ce tsantsa, gajeriya, kuma tana jujjuyuwa: zaure ya cika, zaure bai cika ba.

'Yar Damagaram: Baba, tana da daɗi a kunne, amma wane zaure? A intanet ba kowa ke zama ba. Ana buɗe ƙuri'a mako biyu ko uku, wani ya jefa daga Yamai da dare, wani daga Kumasi da safe. Dubi masu haɗa manhajar Debian. Su nasu lissafin daga yawan mambobi yake fitowa, in mambobi sun kai 1000 adadin yakan tsaya wajen 47. Kuma ba kawunan waɗanda suka halarta suke ƙirgawa ba. Kowace shawara ce sai ta sami wannan adadin na masu fifita ta a kan a bar abu yadda yake, in ba haka ba a cire ta daga takara. Sun yi haka ne don kada wanda ya zo ya ƙi abu ya zama shi ne ya cika adadin da zai sa abin ya wuce. To "cikar zaure" za ta sa ɗalibi ya zaci halarta ake ƙirgawa.

Malamin Islamiyya: Nisabi. Tumaki 39 babu zakka, 40 ta wajaba. Shanu sai 30, raƙuma 5. Ƙasa da haka hukunci bai hau ba, ko da ɗaya ce ta rage. Ma'anar da kuke nema ke nan, kuma mai kiwo a ruga ya san ta. Nisabin ƙuri'a.

Bakatsine: Allah ya gafarta Malam, an ce a nemo kalmar Hausa, ka kawo Larabci. Kullum haka muke, in ba mu ruga Ingila ba mu ruga Makka. Harshen da ke da miliyoyin masu magana ba zai iya haifar kalmarsa ba? Wannan raina kai ne.

Malamin Islamiyya: Alhaji, ƙuri'ar da muke magana a kanta daga ina ta zo? Majalisa fa? Shawara fa? Hukunci fa? In za ka kore su, takardar wannan yarinya ba za ta rage komai ba.

Bakatsine: Waɗancan sun daɗe, sun zama 'yan gida.

Malamin Islamiyya: Nisabi ma ya daɗe. Kakanninmu da shi suka fitar da zakkar gero.

Ɗan Sudan: Bari in sa baki. A nan labaran Larabci "nisabi" ɗin suke cewa in majalisa ta kasa zama saboda ƙarancin mutane. Ba sabon amfani ba ne, Larabawa sun riga sun kai kalmar can.

Bakatsine: To ka ji! Ashe ma kwaikwayo ne.

Ɗan Jarida: Ni damuwata daban ce. Kalmomi nawa aka zauna a jami'a aka ƙirƙira, suna cikin littafi, ba wanda ke faɗa a kasuwa? Mu da ke gaban makirufo mu muke sanin abin da ya shiga kunne.

'Yar Damagaram: Yaya, ba 'yan rediyon Najeriya kaɗai ke da Hausa ba. Duk lokacin da aka zo irin wannan sai a yanke a Kano ko Kaduna, mu a Nijar mu ji a sama.

Ɗan Jarida: Ban ambaci Kano ba, ƙanwata.

Hajiya Malama: Ku yi haƙuri, yarinya tana jiran amsa. Ni abin da nake tsoro da nisabi shi ne wasu su ga an ɗauko kalmar ibada an kai ta zaɓen intanet. Amma na tuna ana cewa nisabin sata a fiƙihu, ke nan ba ta zakka kaɗai ba ce. Ki sa "nisabin ƙuri'a", karon farko ki bi shi da bayani: mafi ƙarancin ƙuri'un da sai an samu kafin hukunci ya tabbata. Inda mutane ke zama ido da ido, kalmar Alhaji ta fi dacewa.

Mai Fassara: Na gode, Hajiya. Na sa nisabin ƙuri'a. In ɗalibai sun yi tuntuɓe da ita ranar Asabar zan dawo in faɗa muku.

Bakatsine: Ki sa, 'yata, tunda lokaci ya ƙure. Amma ban yarda an gama ba. A ƙungiyar unguwarmu cikar zaure za mu ci gaba da rubutawa.

Ɗan Jarida: Ni dai ba zan faɗi nisabin ƙuri'a a iska ba sai na ji ta a bakin wani da ba ya cikinmu. Kuma har yanzu ba a taɓa consensus ba, wato a tattauna har baki ya zo ɗaya, wanda shi ne ainihin abin da Wikipedia ke aiki da shi. Kada wani ya ce mini ijma'i.